Yaya Ciwon Naƙuda Yake? Amsa Ga Mai Cikin Fari

"Assalamu alaikum Sista. Cikina wata 8 ne, kuma na fari ne. Duk wadda na tambaya yadda naƙuda take sai ta yi dariya ta ce min 'za ki gani'. Mama kuwa ba zan iya buɗe baki in tambaye ta ba. Ga shi an turo min wani saƙo a WhatsApp wai ciwon haihuwa daidai yake da a karya ƙasusuwa 20 a lokaci guda, tun ranar ban ƙara barcin kirki ba. Don Allah ki faɗa min gaskiya, yaya ciwon yake, a ina ake jin sa, yaya daɗewarsa, kuma akwai abin da ke rage shi? Sannan ta yaya zan gane ta zo da gaske?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Abin da kike nema shi ne a kwatanta miki abin da ke tafe tun bai iso ba, kuma kina da gaskiya. Matan da ke ce miki za ki gani ba mugunta suke yi ba, su ma haka aka ce musu. A gidajenmu kunya ta lulluɓe maganar haihuwar fari, uwa ba ta zaunar da 'yarta ta yi mata bayani, sai dai kaka ko goggo ta jefa kalma ɗaya cikin raha ta wuce. Ni ɗakin haihuwa ne wurin aikina, don haka zan gaya miki abin da nake gani da idona da abin da masu naƙuda suke faɗa da bakinsu.

Fara da goge saƙon nan daga wayarki. Ya daɗe yana yawo, yana cewa wai jikin mutum yana iya jure ciwo maki 45 amma mai haihuwa tana jin 57. Babu wanda ya taɓa auna haka, kuma ma'aunin da suke ambata babu shi a aikin likita. Ciwo ba shi da na'ura kamar hawan jini ko zazzaɓi, mai shi ake tambaya. Wanda ya yi wannan tambayar da tsari shi ne wani masani a ƙasar Kanada, Ronald Melzack, a farkon shekarun 1980. Abin da ya gano shi ne ciwon naƙuda yana cikin masu tsanani da ake gani a asibiti, kuma masu haihuwar fari sun fi jin sa, amma tazarar da ke tsakanin mace da mace babba ce: wata ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba, wata ta ce bai kai yadda aka tsorata ta ba.

Ba zan yaudare ki ba, akwai zafi. A Suratu Maryam aya ta 23 an ba da labarin yadda naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino har ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, ko da yake malaman tafsiri sun ce tsoron abin da mutane za su faɗa a kanta ma yana cikin dalilin furucin. Sai dai akwai abin da masu ba da labari suke mantawa, kuma shi ne ya fi komai amfani a gare ki. Ciwon naƙuda zuwa yake yi ya tafi. Tsakanin wannan da wancan akwai hutu na gaske. Idan kin san haka, za ki iya ɗaukarsa ɗaya bayan ɗaya, kuma za ki iya gane ciwon da ba na naƙuda ba ne, wanda shi ne abin gudu.

Daga ina ciwon yake tasowa

Mahaifa tsoka ce mai ƙarfi. Duk tsawon goyon cikin bakinta a rufe yake gam, da kauri. Kafin ɗa ya fito dole bakin nan ya yi laushi, ya siranta, ya buɗe har santimita 10. Abin da ke buɗe shi shi ne matsawar da saman mahaifar ke yi: tana janye bakin zuwa sama, tana tura kan jariri zuwa ƙasa. Miƙewar bakin mahaifa ita ce tushen ciwon farko, ga kuma ita kanta tsokar da ke matsewa har jini ya ragu a cikinta na ɗan lokaci. Jijiyoyin da ke ɗaukar wannan saƙo suna shiga laka ne a daidai inda na fatar mara da ƙugu suke shiga, shi ya sa mai naƙuda ba ta iya nuna wurin da yatsa ɗaya. Za ki ga ta shafa mara, ta koma ƙugu, ta gangara cinya, ta ce duk nan ne. Daga baya, idan kai ya sauko, wasu jijiyoyin daban ne suke karɓar aiki, na gaba da na kewayen dubura, kuma ciwon yana canza kama gaba ɗaya. Wannan na biyun kaifi gare shi, kuma kin san daidai inda yake.

A watannin ƙarshe za ki riƙa jin ciki yana ɗaurewa ya yi tauri sannan ya saki. Wataƙila kin ma fara ji. Wannan ba naƙuda ba ce. Ba shi da tsari, ba ya ƙaruwa, kuma in kin sha ruwa kin kishingiɗa ta gefen hagu ko kin yi wanka da ruwan ɗumi sai ya lafa. Ta gaske kuwa ba ta jin lallashi. Tana ƙara kusantar juna, tana ƙara daɗewa, tana ƙara ƙarfi, ko kin kwanta ko kin tashi. Sau da yawa kafin nan ko tare da ita za ki ga wani abu mai yauƙi kamar majina da ɗan surkin jini, wanda iyayenmu ke kira zaƙi. Toshiyar bakin mahaifa ce ta saki, ba shan rake ko cin dabino ne ya tara ta ba, kuma ba ta tare hanyar ɗa. Wasu kan yi 'yar gudawa, wasu su yini da ciwon ƙugu.

A wannan matakin na farko ciwon ya fi kama da ciwon marar al'ada mai ƙarfi. Yana zuwa bayan minti 15 ko 20, ya yi kamar daƙiƙa 30, kina iya magana a cikinsa, kina iya dariya. Ga mai haihuwar fari wannan mataki yana iya cin yini guda, har ya kwana, kuma a nan ne 'yan mata da yawa suke ƙarar da ƙarfinsu. Sai ta ƙi ci, ta ƙi barci, ta zauna tana jiran abin da bai zo ba, lokacin da aikin gaske ya fara kuma ta riga ta galabaita. Ki ci abinci marar nauyi, ki sha kunu, ki yi zirga-zirga a tsakar gida, in dare ne ki runtsa tsakanin ciwo da ciwo. Ki ajiye agogon wayarki kusa. Idan yana zuwa duk bayan minti 5, yana ɗaukar kusan minti ɗaya, kuma ya yi awa guda a haka, lokacin tafiya asibiti ya yi. In gidanku da nisa ko abin hawa yana wahala da dare, ki tafi tun kafin haka. Faya kuwa in ta fashe, ko da babu ciwo ko kaɗan, ba a zama.

Lokacin da ta kankama

A tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ana lissafin naƙuda ta kankama ne daga buɗewar santimita 5. Daga nan ciwon yana zuwa duk bayan minti 2 zuwa 4, yana ɗaukar daƙiƙa 45 zuwa minti ɗaya ko ya ɗan wuce. Ki ɗauka an ɗaura miki ɗamara a ƙugu, ana jan ta a hankali, ana ƙara ja har kin ce ba sauran wuri, a riƙe ta a haka ɗan lokaci, sannan a fara sassautawa har ta saki. Yawanci daga baya yake tasowa ya zagayo mara.

Mu ma'aikata tun daga bakin ƙofa muke gane mace ta kai nan. Tana cikin ba ki amsar tambaya sai ta yanke magana a tsakiya, ta damƙe ƙarfen gado, ta rufe ido, gumi ya tsattsafo mata a saman leɓe. In kin ɗora hannu a cikin za ki ji ya taso ya yi tauri, yatsa ba ya lotsa shi. Kina riƙe da hannun za ki ji yana sakin jiki, ita ma ta sauke ajiyar zuciya, ta buɗe ido ta ce, "Sista me kika ce?" ko ta nemi ruwa. Wata har gyangyaɗi take yi a 'yan mintocin nan. Yi lissafi da kanki: in ciwo yana zuwa duk minti 3 yana yin minti ɗaya, a cikin awa guda minti 20 ne na ciwo, 40 na hutu, kuma a cikin kowane minti ɗin ma tsakiyarsa ce kawai mai tsananin. Wannan mataki ba ya cika wuce awa 12 ga mai haihuwar fari, awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa, kuma mafi yawa ba sa kaiwa haka.

Akwai waɗanda tasu ke zuwa ta baya. Idan jariri ya juyo fuskarsa gaba, ƙeyarsa tana gogar ƙashin bayan uwar, ciwon sai ya taru a ƙugu, kuma ko a lokacin hutu ba ya saki gaba ɗaya, yana barin tsami a wurin. Irin wannan naƙudar ta fi gajiyarwa, ta fi jan lokaci. Kwanciya rigingine tana ƙara ta. Abin da ke taimakawa shi ne a durƙusa a kifa gaba, a jingina da gado ko matashi, wani ya danna ƙasan bayan da tafin hannu da ƙarfi duk lokacin da ciwon ya taso. Kakanninmu da suke haihuwa a kan gwiwa sun san abin da suke yi, kuma yanzu ita kanta hukumar lafiyar ta ce a bar mace ta zaɓi yanayin da ya fi mata sauƙi.

Daga santimita 8 zuwa 10 shi ne wuri mafi wuya, kuma gara ki sani tun yanzu. Ciwon yana hawa kan juna, hutun ya gajarta, jiki ya ɗauki rawa, ƙafafu su yi ta karkarwa, wata ta yi amai, wata ta yaye zane ta ce zafi, can kuma ta ce sanyi. A nan ne ake jin "ba zan iya ba", "ku kira min Mama", "ku yi min aiki kawai a cire shi". A nan ne mace ke kama hannun duk wanda ke kusa tana cewa a yafe mata, tana maimaita kalmar shahada. 'Yan rakiya sukan tsorata su fara kuka, mu kuwa jin haka ne ke sa mu fara jawo tiren kayan karɓar haihuwa, don mun san an kusa. Shi ne mataki mafi gajarta, sau da yawa bai kai awa guda ba. In kin ji kanki kina faɗar irin waɗannan maganganu, ki tuna na gaya miki. Wani lokaci nishi yakan fara zuwa tun bakin mahaifa bai gama buɗewa ba, sai a ce ki dakata. Ki daure ki riƙa hura iska ta baki a gajarce, domin yunƙuri a kan bakin da bai gama buɗewa ba yana iya kumbura shi ya mayar da aiki baya.

Nishi da fitowar kai

Da zarar hanya ta buɗe, abin yana sauyawa. Mace takan ce kashi take ji, a bar ta ta shiga bayi. Kan jariri ne ke danna dubura. Nishin ba ke kike kiransa ba, shi yake zuwa da kansa daga can ƙasa, muryarki ma canzawa take yi ta yi kauri. Mata da yawa sun ce min nan ya fi musu sauƙi a kan abin da ya gabata, saboda yanzu akwai abin yi, ciwon yana da inda ake tura shi. Wasu kuma suna jin kamar ƙasusuwan ƙugu za su rabe. Ba sa rabewa, ɗan buɗawa suke yi, kuma kan jariri ma yana da laushin da zai daidaita da hanya. Idan ɗan bayan gida ya fito a lokacin, ki sani kusan kullum muna gani, gogewa muke yi mu ci gaba, kuma alama ce kina nishin a inda ya dace. Na ga waɗanda suka riƙe nishi don kunyar wannan kawai, suka ƙara wa kansu wahala a banza.

Lokacin da kai ya cika ƙofa, fatar wurin tana miƙewa iyakar miƙewarta, za ki ji raɗaɗi mai ƙuna. Minti ɗaya ne ko biyu, daga nan wurin yakan yi dindiris. A daidai nan za a ce ki bar nishi, ki saurara da kyau, domin fitowar kai a hankali ita ce ke rage yagewa. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a wurin ma yana taimakawa. Ƙari, wato ɗan yankan da ake yi don faɗaɗa ƙofar, ba dole ba ne ga kowace mai haihuwar fari, sai in akwai dalili. Haka kuma hawa kan cikin mace ana danna shi da hannu ko gwiwar hannu don ɗa ya fito, ba a yarda da shi ba, a gida ne ko a asibiti. Kai na fita, kafaɗa ta biyo, sauran jiki sulluɓowa yake yi, kuma a wannan daƙiƙar ciwon yana yankewa yadda za ki yi mamaki. Matakin nishi ga mai haihuwar fari yana iya kaiwa awa 3, amma yawanci ana gamawa kafin haka.

Mabiyiya tana biyowa cikin minti 5 zuwa 30, ba ta da ƙashi, fitarta ba wani ciwo ba ne. Za a yi miki allura a cinya don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, za a kuma murza miki mara, wannan da zafi amma kada ki ture hannun, jini ake tsare miki. In akwai ɗinki, haƙƙinki ne a kashe wurin da allura kafin a fara. Ki buɗe baki ki nema, kuma in kina jin shigar allurar ɗinkin ki faɗa a ƙara. Kwana 2 ko 3 bayan haihuwa mara za ta riƙa murɗawa, musamman in jariri ya kama nono, mahaifa ce ke komawa mazauninta. Wannan bai cika damun mai haihuwar fari ba, masu ta uku da ta huɗu ne ke kuka da shi.

Abin da ke rage shi

Tsoro yana ƙara ciwo, wannan ba faɗa ba ce kawai. Mai firgici tana ɗaure jiki, tana riƙe numfashi, ta gaji da wuri, naƙudar ma ta ja baya. Kaɗaici, ƙishirwa, cikar mafitsara da kwanciya rigingine na awanni duk suna ƙara shi. Naƙudar da aka tayar ko aka ƙara wa ƙarfi da ruwan naƙuda ma takan zo da zafi ba tare da ta ba jiki lokacin sabawa ba.

Mafi arha kuma mafi amfani shi ne mutum ɗaya da kika yarda da shi ya zauna kusa da ke. An tabbatar matan da ke da mai tsaya musu sun fi samun sauƙi, kuma ba su cika buƙatar magani ba. A yawancin asibitocin gwamnati ɗaki ɗaya ne da gadaje a jere, don haka ba a barin maza, amma ki tambaya tun a wajen awo ko ana barin mace ɗaya. Ki zaɓi mai nutsuwa. Yayarki da za ta riƙe ki tana shafa miki baya ta fi wadda za ta riga ki fashewa da kuka. Ki yi tafiya in kina iyawa, ki jingina da bango kina juya ƙugu, ki yi fitsari akai-akai, ki kurɓi ruwa, ki tauna dabino in ba a hana ki ci ba. Numfashi kuma ki ja ta hanci ki sake shi ta baki a hankali, mai tsawo. Na lura matan da suka haɗa shi da zikiri sun fi riƙe shi, ta ja numfashi, ta sake shi da "Ya Hayyu ya Ƙayyum", ta sake ja, har ciwon ya wuce. Gurnani mai kauri daga ƙirji ba laifi, yana ma saki jiki. Ihu mai tsini daga maƙogwaro ne ke cinye ƙarfi ya bar ki da dishewar murya.

Akwai kuma magani, kuma nemansa ba ragwantaka ba ce. Wanda aka fi samu a asibitocinmu shi ne allurar fentazosin, wadda aka fi sani da fenta, wasu wuraren kuma fetidin. Ba sa ɗauke ciwon, suna dusashe kaifinsa ne su sa ki gyangyaɗi, wata ta ji jiri ko amai. Ba a son ba da su dab da haihuwa saboda suna iya sa jariri ya fito da kasalar numfashi, don haka in an ce lokacin allura ya wuce, ba ƙeta ba ce. Wadda ta fi kowacce aiki ita ce allurar baya. Likitan kashe ciwo ne ke saka siririn bututu a ƙasan baya, ana zuba magani ta ciki, ciwon ya ɗauke ko ya kusa, kina farke kina magana. Tana iya sauke hawan jini, ƙafafu su yi nauyi, nishi ya ɗan ƙara jan lokaci, kuma jefi-jefi akan samu mai ciwon kai bayan haihuwa. Maganar da ake yi cewa tana bar wa mace ciwon baya na har abada, bincike bai gaskata ta ba. Matsalarta a wurinmu samuwa ce da kuɗi: sai manyan asibitocin koyarwa da wasu masu zaman kansu, kuma ko a can sai an shirya tun da wuri.

Maganar dauriya

A nan ina da ra'ayi, kuma zan faɗe shi. Mun taso muna jin ana yabon wadda ta shige ɗaki ita kaɗai ba wanda ya ji motsinta, sai kukan jariri aka ji. Ana kiranta jaruma mai kunya, wadda ta yi raki kuma a yi ta yi mata gori har ranar suna. Wannan yabon ya ci mata da yawa. An taɓa kawo mana wata yarinya da ta kwana biyu tana naƙuda a ɗakinta, tana cizon gefen katifa don kada surukarta ta ji. Da aka kwantar da ita leɓɓanta sun bushe sun tsattsage, fitsarin da muka ciro da roba ɗan kaɗan ne kuma da jini a ciki, cikin ya rabu gida biyu da wani kwari a tsakiya. Ko a gadon ba ta yi ƙara ba. Aiki aka shiga da ita a guje. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma haihuwa 16 ce kawai cikin 100 ake yi a asibiti, kuma kunya tana cikin dalilan, tare da nisa da rashin kuɗi da jiran izini. Mu ma ma'aikata muna da namu kason, domin akwai masu tsawa da baƙar magana ga mai naƙuda, kuma macen da aka yi wa haka sau ɗaya da wuya ta dawo. In kin gamu da irin wannan, 'yar rakiyarki ta nemi shugabar ɗakin. Ke dai kada ki yi shiru da abin da kike ji, domin da bayaninki muke aiki.

Ciwon da ba na naƙuda ba

Tunda kin san na gaske yana saki, to duk ciwon da ya riƙe bai saki ba, ciki ya yi tauri ya ƙi laushi, da jini ko babu, mabiyiya ce mai yiwuwa ta fara ɓallewa tun ɗa bai fito ba, kuma minti ma yana da daraja. Jini mai zuba, wanda ya wuce ɗan surkin da na ambata, ba na naƙuda ba ne. Ciwon kai mai tsanani da ganin duhu-duhu ko walƙiya, kumburin fuska, ko zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamun jijjiga ne, kuma masu cikin fari ta fi kamawa. Ruwan faya kore ko mai wari, zazzaɓi, raguwar motsin ɗa, fitowar cibiya ko hannu, da naƙudar da ta zo kafin sati 37, duk na asibiti ne nan take. Mafi yaudara shi ne mace tana cikin naƙuda mai tsanani ta ji wani abu ya tsage, sai ciwon ya tsaya cak, mutanen gida su ce ta samu sauƙi. Mahaifa ce ta fashe. Abin da ya fi jawo haka shi ne doguwar naƙuda da allurar naƙuda ko ƙwayar da ake sa wa mace a gida ko a kemis, babu mai duba bugun zuciyar ɗa, babu wanda ya san ko hanyar za ta ishe shi. Jiƙe-jiƙen saurin haihuwa ma ki bar su, ba a san ƙarfin abin da ke ciki ba, yankan gishiri kuwa kada ki bari a kusance ki da shi.

Naƙuda mai ƙarfi da ta wuce awa 12 babu ci gaba tana nufin akwai abin da ya tare. Kan da ya maƙale yana matse mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu, bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zuba ba tsayawa. Matan da ke jinyar yoyon fitsari a Babbar Ruga a Katsina da cibiyar Laure a Kano, akasarinsu ta wannan hanyar suka samu, kuma da yawa a haihuwar fari. Aikin da za a yi a kan lokaci yana hana duk wannan, don haka in likita ya ce tiyata, kada a tsaya taron dangi.

Ni ban taɓa cikinki ba, kuma babu mai iya gaya miki ko taki za ta zo da sauƙi ko da tsawo, ko haihuwar mahaifiyarki ba ma'auni ba ce. Waɗanda ke duba ki a awo su ne suka san kwanciyar ɗanki, yawan jininki da hawansa. In kin koma, ki tambaye su ko kai ne a ƙasa, wane maganin rage ciwo suke da shi, ko suna barin 'yar rakiya, ko suna yin tiyata da dare, in ba sa yi ina suke turawa. A gida kuma ku zauna da maigida tun yanzu: ya ba ki izinin fita ko ba ya nan, ya sanar da mahaifiyarsa da bakinsa, a ajiye kuɗin mota da lambar direba biyu, a kuma san ɗan'uwan da zai ba da jini in an buƙata. Jakar kayan haihuwa ta kasance a ɗaure kafin sati 36, katin awonki a aljihun gabanta.